Komen Rabi: Karatun wani littafi daga Arlit

Littattafan soyayya na Kano sun daɗe suna tsallako iyaka, ta Maraɗi da Agadas, har su iso hannun matan Arlit da Akokan. Cikinsu kaɗan ne suka kalli zaluncin cikin gida ido da ido kamar *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990.

Ƙarfin littafin shi ne marubuciyar ba ta tsaya ga mari da duka ba. Makamin Alhaji Abdu shi ne kuɗin cefane. Ya ƙuntata wa Rabi da 'ya'yanta tara, ya ƙawata ɗakin amarya Delu, sannan ya kore ta. Wannan azaba ce wadda ba ta barin tabo a fata, balle a nuna wa alƙali.

Sai dai ƙarshen labarin ya bar mini ƙaiƙayi. Gobara ce ta hukunta Alhaji, ba dangi ba, ba shari'a ba. Da ya tsiyace kuwa, aka taru a kan Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci, har ta koma. Wasu na ganin marubuciyar ta sare. Ni a ganina, da gangan ta ƙi yi mana ƙarya.

A garin da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, albashi ya yanke wa magidanta da yawa, tukunyar mace ta riƙe gida, komen Rabi ba baƙon labari ba ne.