Juna Biyu: Tarken Tsofaffin Zane-zanen Ɗan Tayi

A wani ɗakin awon ciki da ke Zangon Agege, a Ikko, mun ci karo da wani hoto manne a bango, mai nuna girman ɗan tayi wata bayan wata. Mata na zaune a ƙarƙashinsa suna jiran layi, amma babu mace ko ɗaya a cikin hoton. Wannan ne ya sa muka waiwayi asalin irin wannan zane, domin mu yi masa tarke kamar yadda ake yi wa waƙa ko ƙagaggen labari.

A shekarar 1774 William Hunter, wani likita a Landan, ya fitar da littafinsa kan mahaifar mace mai ciki, ɗauke da zane 34. Jan van Rymsdyk ne ya zana mafi yawansu, aka sassaƙa su a kan allunan tagulla, aka shafa tawada aka buga. Ta fuskar salo, aikin ba shi da makusa. A zane na shida ana ganin jariri naɗe, kansa ƙasa, kai ka ce barci yake yi. To amma gawa ce aka feɗe. An yanke cinyoyin uwar, ba a nuna fuskarta ba, ba a kuma ambaci sunanta ba.

A 1799 Bajamushen nan Samuel Thomas Soemmerring ya ƙara gaba. Ya sa Christian Koeck ya jera 'yan tayi daga ƙarami zuwa babba a kan farar takarda, babu uwa sam. Wannan jeri shi ne kakan hoton da muka gani a Agege.

Ba mu musanta amfanin waɗannan ayyuka ba, domin gani ya kori ji, kuma sun ilmantar da likitoci da ungozomomi. Sai dai wajibin mai tarke ne ya tambayi abin da mai fasaha ya zubar, baya ga abin da ya ɗauka. A nan Bahaushe ya fi su adalci. Saboda kunya yakan kauce wa cewa mace tana da ciki, sai ya ce tana da juna biyu. Kalma biyu kacal, amma sun ƙirga rai biyu, inda allon tagulla ya ƙirga ɗaya. Ai ba a raba hanta da jini.

Jan hankalinmu ga ɗalibai masu ƙirƙirar labari shi ne, sau da yawa mukan karanta rubutunku mu tarar an haifi tauraro a shafin farko, uwarsa ta rasu wurin haihuwa a layi ɗaya, an wuce. Wannan ma yankan cinya ne da alƙalami. Ku ba ta suna, ku ba ta murya, kafin ku miƙa mana ɗanta.