Alƙalamin da ke gadin sauran

Mai lodin hatsi a Tsafe ba ya ɗora buhu a mota sai an yi masa shaida, don kada kayan wani su shiga na wani. Hannun jari da takardun bashi ma haka ake yi musu, sai dai tasu shaidar duk duniya ake gane ta. Sunanta ISIN, gurbinta 12, kuma a Najeriya kamfanin CSCS na Legas, mai ajiyar rajistar hannayen jari, shi ke bayar da ita.

Ga ta Dangote Cement, wanda simintinsa ke jibge a shagunan Gusau da Bunguɗu: NGDANGCEM008. NG ɗin farko ƙasa ce, wato Najeriya. Da a Amurka ne, US za ka gani. Gurabe tara na tsakiya su ne sunan takardar a gida. Saura 8 ɗin ƙarshe, kuma a nan gwanintar take, domin ba zaɓar ta aka yi ba, lissafi ne ya haife ta.

Da farko kowane harafi za a mayar da shi lamba: A ta zama 10, B 11, har zuwa Z 35. N ta koma 23 ke nan, G 16, D 13. In aka jera su duka har da sifili biyun, ban da 8 ɗin, alƙaluma 20 za su fito. Sai a faro daga dama, a ninka ɗaya, a tsallake ɗaya. Wanda ninkinsa ya kai 12, a haɗa 1 da 2 ya zama 3. Waɗanda aka ninka sun tashi 40, waɗanda aka tsallake 12, jimla 52. Nawa ya rage a cika 60? Takwas.

Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro wannan dabara, ita ce kuma ke gadin lambar katin ATM ɗinka. In ma'aikaci ya yi aikin ganin dama ya kuskure alƙalami ɗaya, lissafin ba zai tashi ba, nan take kwamfuta ta ƙi karɓa. Amma fa ba komai take kamawa ba: haruffa biyu maƙwabta in suka musanya gurbi, sai su wuce salin-alin. Shi ya sa dillalin kirki yake sake bin lambar da ido, harafi bayan harafi.

In kana da hannun jari, tambayi dillalinka ISIN ɗinsa, kada kuma ka rikita ta da CHN. CHN lambarka ce kai mai saye, ISIN kuwa ta abin da ka saya.