Idon da ke riga sankarar maƙoshi

Mai fama da ƙwannafi a Talladje, idan ya sha magani ya gaji, likitan unguwa kan tura shi manyan asibitocin Yamai, kamar Asibitin Ƙasa, a yi masa fibroskopi. Siririn bututu ne mai laushi, kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa. Majinyaci ya zo bai ci komai ba, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya kwanta ta gefen hagu, likita ya zura na'urar ta baki.

Zurawar ba ita ce gwanintar ba. Hanyar abinci kimanin santimita 25 ce kawai, kuma mai gaggawa yana iya ratsa ta cikin daƙiƙa kaɗan ya ce lafiya lau. Gwani kuwa sai ya wanke majina da kumfa, ya hura iska bangon ya buɗe, sannan ya riƙa janyo bututun sannu a hankali. Abin da yake nema farkon sankara ne, ba ƙari ba. Ɗan wuri ne shimfiɗaɗɗe da ya ɗan fi sauran ja, ko ya rasa sheƙi, wanda ba ya ciwo, ba ya hana haɗiya.

Idan ya yi shakka sai ya fesa ruwan aidin, wanda likitan Faransa Jean Lugol ya haɗa a 1829. Lafiyayyar fata tana ɗauke da wani nau'in sukari da ke kama aidin, ta koma ruwan ƙasa, kamar yadda zane ke shan baba a marina. Inda ƙwayoyin suka fara lalacewa sai ya tsaya fari fat. Nan likita zai tsinko ɗan nama da ƙaramin hantsaki, a kai ɗakin gwaji. Da wannan dabara mai araha aka duba dubban manoma a Linshiyan ta ƙasar Sin, inda sankarar maƙoshi ta yi katutu. Sababbin na'urori kuma suna da haske shuɗi da kore mai fito da ƙananan jijiyoyin jini, gwani ya karanta yadda suka kumbura ko suka murɗe.

Mai daɗaɗɗen ƙwannafi nasa binciken daban ne. Ruwan ciki mai tsami yana iya sauya fatar ƙarshen hanyar abinci, abin da ake kira cutar Barrett. A nan ƙa'ida ita ce a tsinko nama daga kusurwa huɗu a kowace santimita 2.

Waɗanda suka fi bukatar wannan ido su ne masu shan taba da barasa, da wanda ya taɓa haɗiye sodar yin sabulu tun yana yaro. A 2016 hukumar binciken sankara da ke Liyon ta kuma sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake zargin suna jawo ta, don haka masu shayi su bari ya huce.

Lalacewar da aka gano da wuri ana iya ɗaye ta da na'urar, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Wanda ya jira sai tuwo ya fara maƙale masa, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa. In kana cikin waɗanda aka ambata, ka nemi likita ya duba ka tun kana haɗiya lafiya.