Hannun da ke raba goro da haƙori

Kawuna ya haura shekara 40 yana cin goro. Ba ya fita gida sai da daushe biyu ko uku a aljihun gaba, kuma in ya yi dariya sai ka rantse da jar ƙasa aka yaɓe masa haƙora. Da jikoki suka dame shi da tsiya sai ya koma dirzar haƙoran da gawayi da gishiri kullum safe, har ruwan randa ya fara sa masa tsami a baki. A nan ne na lallashe shi ya taso daga Bunguɗu, muka je wani ɗakin gyaran haƙori a Tudun Wada, cikin Gusau, ba nisa da asibitin Yariman Bakura.

Wata matashiya muka samu, mai wankin haƙori. Ni na ɗauka da zuwanmu za ta kunna inji. Ina! Ɗan madubi ta sa ta leƙa bayan haƙoransa na ƙasa, ta ɗan ƙwanƙwasa wani da ya yi duhu a sama, sannan ta ce, "Baba, wannan ka taɓa buge shi?" Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ɗiyata, jaki ya taɓa kayar da ni, tun ina saurayi." Ta ce to wannan ba goro ba ne, haƙorin ne ya mutu daga ciki, ko shekara za a yi ana wanke shi ba zai yi fari ba.

Nan gwanintar take. Kafin hannu ya taɓa komai, ido ya raba dattin da ke kan haƙori da launin da ke cikinsa. Haƙori yana da farin ɓawo a waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa. Goro da shayi da kofi da taba, ta sha ko ta gari, har da maganin ƙarin jini na ruwa, duk a kan ɓawon suke barin launi. Abin da ke riƙe launin kuwa shi ne wannan dauɗa mai yauƙi da ke taruwa bayan cin abinci. In an bar ta, ma'adinan da ke cikin yawu su sandarar da ita cikin 'yan kwanaki, ta zama dutse kamar siminti, ta shanye jan goro yadda zane ke shan baba. Daga nan buroshi da makilin sun gaza. Shi ya sa ta fara duba bayan haƙoran ƙasa na gaba, don a nan ƙarƙashin harshe yawu ke ɓulɓulowa, nan ne kuma dutsen ya fi kauri.

Injin da ta ɗauko bai fi biro girma ba. Bakinsa yana karkarwa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, yana fesa ruwa don kada haƙori ya yi zafi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba ta dannawa. Kwantar da gefen bakin take yi a jikin haƙori, ta bi layin dasashi a hankali kamar mai zanen ƙwarya, sai ka ga ɓarɓashi baƙi-baƙi yana ɓallewa da kansa. Inda inji bai shiga ba, ta ɗauki wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje, ta dogara yatsa ɗaya a kan haƙorin kusa don kada hannu ya zame. Ta ce mini a yatsa take jin bambancin dutse da haƙori, ɗaya yana da kaushi, ɗaya santsi, kuma da ta ji santsi take tsayawa. Daga ƙarshe ta bi haƙoran da ɗan kofin roba mai juyawa da wani man gogewa, don datti ba ya saurin kama wuri mai sulɓi.

Gawayin kawu kuwa sai da ta yi masa faɗa a kai, cikin ladabi. Gawayi da toka da yashi suna kankare datti, gaskiya ne, amma suna haɗawa da ɓawon. Lemon tsami da 'yan mata ke shafawa ya fi su ɓarna, domin narkar da shi yake yi. Ɓawon kuma ba ya sake tsirowa. Yana yin siriri sai ruwan ɗorawar ciki ya bayyana, mutum ya ga haƙora sun ƙara rawaya, ya ƙara dirza. An gudu ba a tsira ba.

Ba kullum ba ne ma aka ɗauki jan haƙori a matsayin aibi. Kakanninmu mata da gangan suke goga furen taba su haɗa da goro, haƙora su yi jawur, kuma ado ne a lokacin, kamar yadda haƙorin Makka ya zama ado daga baya.

Launin ciki shi ne mai wuyar sha'ani, kuma yawancinsa tun yarinta ake saye shi. Kafson nan mai ja da rawaya, tetracycline, da ake karɓowa a kemis a ɗura wa yaro in yana gudawa, yana shiga cikin haƙorin da bai gama ginuwa ba ya bar masa toka-toka ko ruwan ƙasa har tsufa. Shi ya sa likitoci ba sa ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Haka sinadarin fuloraid: kaɗan ɗinsa yana kare haƙori daga kogo, amma in ya yi yawa a ruwan rijiya ko burtsatse sai yara su tashi da fari-fari ko ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya, kuma an daɗe da sanin yankin Langtang na jihar Filato da wannan matsala. Irin waɗannan sai likita ya gwada sinadarin da ke hasken haƙori, ko ya lulluɓe fuskarsa da abin da ya yi kama da shi.

Ban yi zaton mai wankin haƙorin za ta yabi asuwaki ba, sai ga shi ta yabe shi. Na arak da alhazai ke kawowa, ko na darbejiya, ko na marke, duk suna aiki in an tattauna bakin ya yi laushi, an bi haƙori ɗaya-ɗaya daga dasashi zuwa baki, ciki da waje, ana yanke bakin da ya tsufa. Mai yin sa kafin kowace salla, in ji ta, da wuya dauɗa ta kwana masa balle ta sandare. Ta ƙara wa kawu da makilin safe da dare, da kurkure baki duk lokacin da ya gama tauna.

Ba ta ce ya bar goro ba, ta san da wanda take magana. Kawu ya daɗe riƙe da madubi yana yaƙe, yana kallon haƙoran da ya manta kamanninsu, sai baƙin nan guda na jaki a tsakiya. Da muka fito ya ja ni kasuwar Tudun Wada, ya sayi damin asuwaki, sannan ya tsaya gaban mai goro ya ce a zaɓo masa fari.