Kwalliyar Shafi Ba Ta Kai Ƙugiyar Harafi Ba

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a wurin masu gina shafukan intanet. Da an fara aiki sai a nufi rumbun Google Fonts, wanda aka buɗe a 2010, a zaɓo samfurin haruffa biyu ko uku masu ɗaukar ido, a rubuta umarnin @font-face ko @import a cikin fayil ɗin CSS, wato takardar da ke tsara kamannin shafi. Daga nan kusan duk wayar da ta buɗe shafin dole ta sauke waɗannan haruffa kafin ta nuna rubutu da su. Dabarar kanta ba ta da laifi, domin ita ta raba shafuka da zaman kama ɗaya. Amma a ganina, ga shafin da aka yi domin mutanenmu, samfurin haruffa bai cancanci a ɗora wa mai karatu nauyin saukarsa ba sai idan yana ɗauke da haruffan harshensa. Mafi yawan waɗanda ake zaɓa an zana su ne da Faransanci da Ingilishi a zuciya, kuma mai zaɓar ma da Faransanci yake gwada su.

A ɗauki Sayam Forage, sansanin da aka buɗe a ƙarshen 2014 a jihar Diffa ta Nijar domin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya, da garin Diffa, da ƙauyukan manoman tattasai na bakin Komadugu. Kanuri da Hausa da Fulfulde ne harsunan da aka fi jin su a nan, kuma dukansu suna da haruffan da babu su a Faransanci. Hausa na da ɓ, ɗ, ƙ, sannan a ƙa'idar Nijar akwai ƴ, inda Najeriya ke rubuta 'y. Fulfulde na da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Kanuri kuwa da wuya ka karanta layi guda ba ka ci karo da ǝ ba. Amfani da waɗannan haruffa ba son rai ba ne: a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurorin da suka daidaita rubutun waɗannan harsuna, kuma tsarin Unicode ya daɗe da bai wa kowane harafi lambarsa. Ƙungiyoyin agaji da ofisoshin gwamnati da gidajen jarida da ke son isar da sanarwar rigakafi ko rajista ko farashin kasuwa ga waɗannan mutane ba su da uzurin cewa haruffan ba su da mazauni a kwamfuta.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Burauza tana bin rubutu harafi bayan harafi. Idan ta iso kan ƙ ta tarar samfurin da aka sauke ba shi da shi, sai ta aro daga wani samfurin da ke cikin wayar. Sai ka ga kalmar “ƙasa” da ƙ siririya doguwa, sauran haruffan uku masu kauri, ko kanun labari da Ɗ ta nutse ƙasa da layi. In wayar tsohuwa ce, ɗan akwati babu komai ciki ne zai tsaya a gurbin harafin. Akwai ma tarkon da ke kama masu niyyar kirki: rukunin da Google Fonts ke kira latin-ext ya ƙunshi lambobin haruffanmu, amma ganin sunan rukunin a jikin samfuri ba shaida ba ce cewa mai zanen ya zana su. Yana iya zana na Polanci da Turkanci ya tsaya nan. To idan mai shafi ya ga rubutunsa ya yi dabbare-dabbare, da wuya ya canza samfurin da ya riga ya ƙaunata. Abin da ya fi sauƙi shi yake yi: ya umarci marubuta su zubar da ƙugiya. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin zaɓin ado na mutum ɗaya ya koma yana sauya yadda ake rubuta harshen miliyoyin mutane.

Za a ce ai Bahaushe yana ganewa ko babu ƙugiya, ga saƙonnin WhatsApp nan shaida. Gaskiya ne ga wanda ya ƙware, yana cike gurbi da sanin harshe. Amma a Diffa mutane da yawa Hausa harshensu na biyu ne, na kasuwa da tasha, kuma akwai yara da manya da yanzu suke koyon karatu. Su ne za su tsaya suna lalube tsakanin “kafa” da “ƙafa”, ko “bata” da “ɓata”. Sanarwar asibiti ba hirar abokai ba ce. Shafin hukuma kuwa malami ne ko bai sani ba, abin da ya rubuta shi masu koyo za su ɗauka daidai.

Sai batun nauyi. Kowane kauri na samfuri, siriri da mai kauri da karkatacce, yawanci fayil ne daban. Mai zane da ke zaune a ofis a Yamai da intanet mai gudu ba ya jin wannan. Mai ƙaramar waya da ya sayi data ta ɗan kuɗi kaɗan, rezo na zuwa yana ɗaukewa, shi ne ke biya. Burauza irin su Chrome kan ɓoye rubutu har tsawon daƙiƙa 3 suna jiran haruffan su sauka, sai dai in mai shafi ya sa font-display: swap, wanda ke nuna rubutu nan take da haruffan waya. Opera Mini kuma, a yanayinta na matse data sosai, ba ta ma sauke su. Mai cewa samfurin haruffa shi ne fuskar ma'aikata, ba a wasa da shi, yana da hujja, amma fuskar tana iya zama a tambari da launi. Jikin rubutu na mai karatu ne.

Wasu za su wuce gona da iri su ce a daina sauke haruffa gaba ɗaya, a dogara da na waya. Ga shafuka da yawa wannan ya fi halin da ake ciki, domin wayoyin Android na yanzu suna nuna haruffa masu ƙugiya. Amma ban yarda a yar da dabarar ba, don ita ce kaɗai hanyar da mai shafi zai tabbatar ǝ da ƴ sun fito daidai a wayar da bai taɓa gani ba. Kayan aikin suna nan kyauta: Noto na Google, da Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, inda aka zana na ƙarshen domin masu koyon karatu. In an ce cikakkunsu suna da nauyi, ana iya yanke su a bar haruffan da ake buƙata kawai, a matse su a tsarin WOFF2, a yi amfani da unicode-range don kada waya ta sauke abin da shafin bai ƙunsa ba. A ajami ma abin ya fi bayyana: samfurin Alkalami an zana shi bisa salon rubutun Kano, Harmattan kuma domin ajamin Afirka ta Yamma, kuma wayar talaka ba ta zuwa da su, sai shafi ya kawo mata.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ana sa ran shafukan hukuma da Hausa za su ƙaru, kuma za a riƙa ba da kwangilarsu. Ya kamata duk mai ba da irin wannan aiki ya sa sharaɗi a rubuce: kafin a biya, a buɗe shafin a ƙaramar waya mai rezo mai rauni, a duba Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ, Ƴ ƴ, ŋ da ǝ, a kanu da jikin rubutu, siriri da mai kauri. In ɗaya ya fita daban, a mayar wa mai zane ya canza samfurin.