Sharhi a kan zubin baƙaƙen Press Start 2P

1. Gabatarwa

Masu nazarin harshe suna da ma'auni guda da suke auna sauti da shi: ko yana bambanta ma'ana, ko ba ya bambantawa. A cikin wannan sharhi za mu ɗora ma'aunin nan a kan wani zubin baƙaƙe mai suna Press Start 2P, wanda wani mai zane da ake kira CodeMan38 ya shirya, ana kuma samun sa kyauta cikin tarin Google Fonts.

2. Asalinsa

Zubin ya samo asali daga injunan wasa na zamanin da, waɗanda ake jefa ma kuɗi kafin a yi wasa. Manyan baƙaƙensa da alƙaluman lissafinsa sun fito daga wasannin kamfanin Atari na Amurka a shekarun 1970, daga baya kamfanin Namco na Japan ya yaɗa su. Siffofin da mai zanen ya kwaikwaya kuwa na wasan Return of Ishtar ne, na shekarar 1986, ɗaya daga cikin wasannin farko da suka yi amfani da ƙananan baƙaƙe tare da manya.

Kowane harafi yana zaune cikin gida mai ɗigo 8 a tsaye da 8 a kwance, wato ɗigo 64. Akan bar layi guda na gefe da na ƙasa don tazara, sai 7 sau 7 su rage ma babban harafi. Dalili shi ne ƙarancin ma'ajiyar inji da ƙanƙantar allo. Allon Pac-Man na 1980, alal misali, ɗigo 224 ne sau 288, ba ya ɗaukar fiye da harafi 28 a jere.

3. Abin yabo

Matsin nan shi ya haifi kyawunsa. Inda wuri ya yi kaɗan, ba a ɓarnar ɗigo ko ɗaya. Sandunan tsaye suna da kaurin ɗigo 2, na kwance ɗigo 1, saboda allunan lokacin sukan dusashe siririn layin tsaye. An yi ma I kai da gindi don ya cika gidansa, kada kuma ya rikice da 1. An karkatar da sifiri don ya rabu da O. Ashe ke nan ɗigo a nan yana aiki irin na sauti mai bambanta ma'ana: a cire shi, harafi ya koma wani. Shi ya sa zubin ya dace da kanun rubutu, da tambari, da allon wasa.

4. Abin suka

Na farko, dukkan baƙaƙen faɗinsu ɗaya. Harafin i yana yawo cikin fili, m da w suna matse. Wutsiyar g da p da y ba ta samun wurin sauka sosai. Kalma uku ko huɗu ba su da laifi, amma shafi guda yakan gajiyar da ido.

Na biyu, ba ya fita tsaf sai a girman ɗigo 8, ko 16, ko wani ninki na 8. A wani girman dabam, gefunansa sukan yi hazo a allo.

Na uku, kusurwoyi masu kaifi da ake sha'awa yanzu ba su ne ƴan wasan da suka gani ba. Hasken tsohon allo yakan narkar da ɗigo cikin maƙwabcinsa, harafi ya yi laushi. Abin da muke kira tsoho, sabon kallo ne aka yi masa.

5. Gwaji da Hausa

Ƙarin da mai zanen ya yi, don harsunan Turai ne: baƙaƙen Girkanci da na Rashanci da makamantansu. Saboda haka duk mai son buga Hausa da shi, sai ya fara gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Idan zubi bai da harafi, kwamfuta takan aro shi daga wani zubin, ya fito bare a tsakiyar kalma. Idan aka yar da lanƙwasa kuwa, ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari, ɗaiɗai ya zama daidai.

Zana su cikin gidan nan ba wasa ba ne. Sandar d tana gefen dama, ta kuma riga ta kai sama, don haka sai an tsuke cikin harafin kafin lanƙwasar ɗ ta sami wuri. Ita ɓ, in lanƙwasarta ta yi tsawo sai ta yi kama da 6, in ta gajarta sai ta koma b. Manyan Ɓ da Ɗ kuma lanƙwasarsu hagu take, inda babu fili ko kaɗan.

6. Kammalawa

Zubin nan gwani ne a ƙaramin fagensa, ba shi da ƙarfi a wajensa. Lasisinsa, wato SIL Open Font License, ya yarda a gyara shi a kuma sake rarrabawa bisa sharuɗɗansa. Ƙofa a buɗe take ke nan ga masu zanen ƙasarmu. Shawararmu ita ce, duk wanda ya zana baƙaƙe takwas ɗin nan, ya kai su gaban masu karatu a Maraɗi ko Damagaram, a girman ɗigo 8, ya ga ko za su raba ƙafa da kafa ba tare da an faɗa masu ba.