Sifar Ingilishi «loose» da wahalar fassara ta

Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci sukan ɗauko kalmar «loose» su ba ta fassara guda, «sakakke», su wuce. A ganinmu wannan hanya ba ta gamsar ba.

Kalmar ta shigo Ingilishi daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, inda take «lauss», kuma ƴar'uwa ce ga «los» ta Jamusanci. Ma'anarta tana rataye ne da abin da aka saba gani a ɗaure ko a matse.  Ke nan kalmar tana ɗauke da matakai biyu: abin da ya rabu ɗungum, da abin da ke haɗe har yanzu amma riƙonsa ya yi rauni. Faransanci, wanda ta bakinsa yawancin takardun nan suke iso mana, ya raba su: «détaché» daban, «desserré» daban, ga kuma «ample» da «en vrac».

Hausa ta fi Faransanci rarrabewa, domin aikin yana hannun fi'ili da amsa-kama. Haƙori yana girgiza, igiya ta yi sako-sako, riga ta yi wa yaro yawa, akuya tana sake. In mai fassara ya rubuta «akuya tana kwance» da nufin an kwance ta, mai karatu zai ga dabba ta kwanta.

Abin ya wuce gardamar masana. A takardar gyaran famfo, notin da ya yi sako-sako ɗaure shi ake yi, wanda ya fita kuwa nemo wani ake yi. A takardar kiwon lafiya, in an haɗa sifar da bayan gida, zawo ake nufi, kuma uwar da aka karanta wa «sakakken kashi» ba za ta gane ana kiran ta ga ruwan gishiri da sukari ba.

Ƙamus na Abraham na 1949 daga Hausa yake tashi zuwa Ingilishi, don haka mai neman wannan kalma ba nan zai fara ba. Na Roxana Ma Newman na 1990 shi ne ya bi hanyar da mai fassara ke bukata. Duk da haka muna ba da shawara kowace ƙungiyar fassara ta jera sifar tare da sunan da take rakiya, a gwada jimlolin ga masu koyo a Maraɗi, Damagaram da Tawa kafin a kai ga ɗab'i.